Ku Jiƙa Dutsen Kafin Ku Fasa Shi

Ƙannena samarin Kartum da Umdurman da Bahri, waɗanda suka dawo gida da waɗanda ke shirin dawowa, da ku nake magana. Tun daga 15 ga Afrilun 2023 da wutar yaƙi ta tashi a garin nan har zuwa Maris na 2025 da hanyar tsakiyar Kartum ta fara buɗewa, babu gidan da bai ɗanɗana kuɗarsa ba. Yanzu aiki ne ya rage, kuma a wuyanku yake, don ku ne masu jini a jika. Ku za ku kwashe ɓaraguzan Suk Arabi, ku ture bangon da ya tsage, ku yanka tayil, ku fasa kankare, ku loda tsakuwa a wajen injinan Jabal Toriya. Waɗanda gari bai yi da su ba za su hau mota su yi arewa, Abu Hamad ko kasuwar Abidiyya, neman dahab, wato zinare. Duk neman halal ne, ba zan ce wa kowa ya naɗe hannu ba. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa, wasu a kan hanyar Makka, wasu a bayan Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, da gumi suka kafu a ƙasar nan. Abin da nake so mu yi magana a kai yana tare da dukkan waɗannan ayyuka, amma ba a sa shi a lissafin haɗari saboda ba ya zubar da jini. Ƙurar dutse nake nufi.

Na san amsar da ke bakinku. Mutumin Kartum za a ba labarin ƙura? Mu da habub, hadarin ƙurar nan, kan taso mana gabanin damina, ya mai da la'asar dare, gari ya waye mu share tsakar gida mu ci gaba da harkokinmu? Gaskiyarku, kuma wannan sabo da muka yi shi ne ke sa mu raina wadda ta fi sharri. Habub yana ba masu asma da tsofaffi wuya ƙwarai. Amma yawancin abin da yake ɗauke da shi ƙasa ce da ta daɗe tana birgima a sarari, iska da ruwa sun goge ta, laka ta lulluɓe ta, kuma ba ya daɗewa yake wucewa. Wadda ke fita daga bakin injin a lokacin da yake cin dutse sabuwa ce fil, yanzu aka tsaga ta, a daidai hancinka take tashi, kuma kana cikinta daga safe har magariba, wata da watanni.

Mai ɓarnar da ke cikinta silika ce, ma'adinin da ya cika yashi da farin dutse mai ƙyalli. Duwatsu sun sha bamban wajen yawanta. Dutsen yashi irin na tsaunukan Markhiyat, arewa maso yamma da Umdurman, yakan ɗauki kashi 70 zuwa 90 cikin 100. Giranit irin na Silaitat, arewa da Bahri, wajen kashi 30. Baƙin dutsen Toriya tasa kaɗan ce, ko da yake ƙura in ta yi yawa kowace iri ce tana gajiyar da huhu. Kankare da jan bulo da tayil duk akwai yashi a jikinsu, mai yanka su a bushe dutse yake shaƙa. Farin dutsen da zinare ke kwance a cikinsa kuwa kusan silika ce zalla.

Allah bai bar hanyar numfashi ba tsaro ba. Gashin hanci yana tare manyan ƙwayoyi. Waɗanda suka wuce sai su maƙale a majinar da ke shafe a bangon bututun iska, a ƙarƙashinta kuma akwai wasu ƙananan gasu da ba a gani sai da madubin likita, suna kaɗawa dare da rana suna turo ta sama har maƙoshi, mutum ya yi kaki ko ya haɗiye bai ma sani ba. Baƙar majinar da kuke fyacewa in an tashi daga aiki ƙurar da aka kama ce, ba ta yi nisa ba. Abar tsoro ita ce wadda girmanta bai kai maikiron 5 ba. Maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kaurin silin gashin kai kuwa wajen maikiron 70 ne. Irin wannan ƙwaya ido ba ya ganinta, ba ta sa atishawa, ba ta saurin sauka ƙasa. Farin gajimaren ya lafa, kowa ya sauke rawani daga hanci, ita tana nan tana shawagi a ɗakin sa'o'i da yawa. Ita ce ke wuce kowane shinge har ƙarshen hanya, inda huhu ya rarrabu ya zama 'yan jakunkunan iska miliyan 300 zuwa 500, masu bango siriri wanda ta cikinsa oksijin ke ratsawa ya shiga jini. Can babu gashi mai turowa waje. Mai zaune yana jan iska lita 6 zuwa 8 a minti ɗaya, mai ɗaga guduma yana jan ninkin haka sau biyar ko fiye, kuma da baki yake ja, hancin ma an tsallake shi.

A nan nake so ku natsu, don wanda ya gane wannan wurin sauran maganar ba za ta yi masa wuya ba. A cikin jakunkunan nan akwai wata ƙwayar halitta ta garkuwar jiki, likitoci na kiranta makrofaj. Aikinta haɗiya. Tana rarrafe a bangon jakar, duk abin da ya faɗo wanda ba na jiki ba sai ta miƙe ta lulluɓe shi, ta shigar da shi cikinta, ta kulle shi a wata 'yar ƙaramar jaka, ta zuba masa ruwa mai tsami da sinadarai masu narkarwa. Ƙwayar cuta abu ce mai rai, tana da fata da ruwa, sinadaran suna cinye ta. Haka ake yi a ƙirjin kowannenmu kullum, shi ya sa muke shaƙar ƙazanta iri-iri mu kwana lafiya. To ranar da tsinin silika ya faɗo, makrofaj ba ta da wata dabara sai wadda ta sani. Ta haɗiye shi, ta kulle, ta zuba masa abin da take zubawa. Dutse ba ya narkewa. Fuskarsa da aka tsaga ɗazu tana ɗauke da wani kaifi na sinadari da ke cin bangon 'yar jakar har ta fashe, ruwan narkarwar ya malale a cikin ƙwayar kanta.

Fashewar nan tana tayar da wani tsarin gargaɗi a cikin ƙwayar, wanda masana suka sa wa suna NLRP3, kuma a shekarar 2008 aka tabbatar da cewa silika da asbestos suna tayar da shi. Da ya tashi sai ƙwayar ta saki sinadaran kira, babbansu intalukin-1, masu shaida wa jiki cewa ga abokin gaba a nan. Fararen ƙwayoyin jini su yi ta kwararowa, wurin ya kumbura ya yi zafi, su fesa abubuwan da aka tanada don kashe cuta, alhali babu abin kashewa sai naman huhun da ke kewaye. Makrofaj ɗin ta mutu, ta tarwatse. Tsinin silikar ya fito yadda ya shiga, ko gezau. Wata makrofaj ta iso ta haɗiye shi, ita ma ta bi ta farkon. Babu ranar da wannan zagaye zai tsaya don kansa, shi ya sa ake ganin mutum ya bar aikin dutse shekara goma, yana sayar da kaya a Suk Libya cikin inuwa, ciwon kuwa yana ci gaba a ƙirjinsa.

Jiki in ya ga rauni ya ƙi warkewa, ɗinke shi yake yi ya rufe. Makrofaj ɗin da ke cikin wahala suna sakin wani sinadarin, TGF-beta, mai kiran ƙwayoyin da aikinsu saƙa zaren kolajin, zaren da ke haɗe bakin ciwo. Su zo su naɗe wurin, zagaye a kan zagaye, har ya zama ɗan ƙulli mai tauri na milimita kaɗan, da ƙurar a tsakiyarsa. Dubbai irinsa su watsu, yawanci a saman huhu. In abin ya yi nisa sai ƙullayen su haɗe su zama dunƙule, ya janyo naman da ke gefensa ya yamutsa shi. Duk wanda ya taɓa ganin tabon ƙuna a gwiwar hannun yaro ya san yadda fatar kan taƙure ta ƙi miƙewa, ba ta gumi, ba ta fidda gashi, ta rufe ciwon amma ba ta aikin fata. Tabon huhu haka yake: ba ya buɗewa in an ja numfashi, oksijin ba ya ratsa shi. Wannan shi ne ciwon silikosis. Da farko babu alama ko ɗaya, don huhu yana da rara mai yawa. Daga baya mutum ya ga in ya hau bene da buhun siminti sai ya tsaya a tsakiya. Sannan tafiya masallaci ta koma ta hutawa sau biyu. A ƙarshe sa riga da alwala su sa shi haki, zuciya ta gaji da tura jini cikin huhun da ya taurare, ƙafafu su kumbura. Har yau likitanci bai samo maganin da ke narkar da wannan tabo ba, a Kartum ko a Alƙahira ko a Landan. Wanda ya ce muku yana da shi, kuɗinku yake so.

Lokacin da yake ɗauka ya danganta da yawan abin da aka shaƙa. Ƙura madaidaiciya takan kai shekara 10 zuwa 30 kafin ta nuna kanta. Mai yawa, shekara 5 zuwa 10. Akwai kuma wadda ta wuce misali, irin ta mai huda farin dutse a rufaffen rami, da kan cika jakunkunan iska da wani ruwa mai kauri cikin watanni ko 'yan shekaru, ta kashe mutum yana saurayi. Ku yi lissafin da kanku. Yaron da ya fara yankan tayil a bushe yana ɗan shekara 18, lokacin da numfashi zai fara yi masa gardama yana tsakanin 30 da 40 ne, da mata da 'ya'ya ƙanana, daidai lokacin da iyayensa suka jingina da shi.

Kada ku ce wannan ciwon masu manyan injuna ne. A 1975 mujallar likitocin ƙirji ta Ingila mai suna Thorax ta buga binciken da Dokta David Warrell da abokan aikinsa suka yi daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a kan masu sassaƙa dutsen niƙa a wasu ƙauyuka na ƙasar Kano. 'Yan'uwanmu ne, sana'ar gado suke yi, a sarari, da ƙarfin damtse. An ɗauki hoton ƙirjin mutum 126. Mutum 49 aka samu da silikosis, 17 daga cikinsu tabon ya riga ya zama dunƙule. Dutsen yashi suke sassaƙawa, irin wanda ke kewaye da Umdurman. In guduma da kurfi sun yi wannan, ku auna abin da injin mai juyawa sau dubbai a minti zai yi.

Maganar dahab ta fi ci mini rai. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, zinare ya zama abin da ƙasa ta dogara da shi, har aka buɗe matatarsa a Kartum a 2012. Wajen kashi 80 cikin 100 na abin da ake fitarwa daga hannun masu haƙar gargajiya yake zuwa, wato daga hannun samari irinku, a jihar Kogin Nilu da jihar Arewa da Kordofan da Jabal Amir na Darfur. Takwarorinku na Nijar ma a 2014 suka fara tururuwa zuwa Jado. Mai haƙa jijiyar farin dutse yake bi, ya sauka rijiya mai zurfi inda iska ba ta kewayawa, ya dafa injin huda a ƙirji, ƙurar ta rasa mafita sai huhunsa. A cika buhuna a kai kasuwa, a zuba a injin niƙa. Inda injin ɗin na bushe ne, mai ɗura dutsen da mai tare garin su wuni fari fat har gira. A watan Disamban 2021 rami ya rufta a Kordofan ta Yamma, mutum 38 suka rasu, Allah ya jiƙansu, duniya ta ji, an ƙidaya su. Wanda ƙura ta kama kuwa gida yake komowa, Mayo ko Umbadda ko Haj Yusuf, ya kwanta a ɗakin mahaifiyarsa shekaru bayan ya bar rami, a ce sanyi ne, a ce sammu ne, ya tafi babu wanda ya rubuta sunansa cikin waɗanda haƙar zinare ta ci. Ga kuma zaiba da ake ƙonawa don raba zinaren, hayaƙinta ƙwaƙwalwa da ƙoda yake taɓawa. Wannan magana ce mai zaman kanta, amma kada ku tsaya a kan hayaƙin nan, kada kuma a ƙona ta a cikin ɗaki.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Makrofaj ɗin da silika ke kashewa ita ce dai ƙwayar da aka ɗora wa kama ƙwayar tarin fuka ta tsare ta. Da yawa daga cikinmu muna ɗauke da ƙwayar tarin a kwance ba mu sani ba, garkuwar jiki ta danne ta. In masu dannewar suka shagala da dutse suna mutuwa, sai ta samu sarari. Mai silikosis haɗarin kamuwarsa da tarin fuka ya ninka na sauran mutane wajen sau uku ko fiye, kuma haɗarin yana tare da shi muddin rai. Ku haɗa da cunkoson rumfunan mahaƙa, da yunwa da gudun hijirar shekarun nan. Cututtukan biyu kuma suna kama da juna a hoton ƙirji, dukansu saman huhu suke so. Saboda haka akan samu wanda ya sha maganin tari na wata 6, ya sake sha, hakin bai tafi ba, don tabon dutse ne ke ƙasa. Akan samu kuma wanda aka ce ƙura ce kawai alhali tari na cinsa yana yaɗa wa iyalinsa. Gwajin kaki ne ke raba gardama. Tun 1997 kuma hukumar binciken ciwon daji ta ƙasa da ƙasa ta sa silikar wurin aiki cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin huhu. Mai shan taba ko shisha a kan ƙura ya haɗa wa huhunsa biyu.

Wasu ƙasashe sun riga mu shan wannan ɗaci. A Amurka, farkon shekarun 1930, ɗaruruwan leburori, yawancinsu baƙar fata, suka mutu bayan haƙa ramin Hawks Nest a cikin dutsen silika a bushe. A Afirka ta Kudu sai a 2018 manyan kamfanonin zinare suka amince su biya rand biliyan 5 ga mahaƙan da silikosis da tarin fuka suka kama, bayan da yawansu sun riga sun kwanta dama. Turkiyya ta hana fesa wa wandon jins yashi a 2009, bayan ta ga samari 'yan shekara ashirin da ɗoriya suna mutuwa. Ostireliya ta haramta dutsen da ake haɗawa da roba da garin silika, wanda ake shimfiɗawa a kicin, daga 1 ga Yulin 2024. In an fara gyaran manyan gidaje a unguwannin Riyad da Kafuri, irin wannan dutse zai iya zuwa hannunku, silikarsa takan haura kashi 90.

Yanzu ga abin da ake faɗa a wurin aiki. An ce in ka tashi ka sha madara, tana wanke ƙura. Madara abinci ce mai kyau, ku sha, amma ciki take tafiya, hanyarta daban da ta iska, ba ta taɓa saduwa da abin da ke cikin huhu. Haka karkade, haka tsamiya, haka lemon tsami. An ce a naɗa rawani a hanci. Yana tare wadda ake gani, ya bar wadda ba a gani ta wuce ta tsakanin zare, sai mutum ya samu kwanciyar hankalin da zai sa ya ƙara matsawa kusa da injin. Shuɗin takunkumin da muka saba da shi lokacin korona ma gefensa a buɗe yake. Wanda ke aiki shi ne mai lamba N95 ko FFP2 ko sama da haka, mai igiya biyu a bayan kai da ƙarfen da ake matsewa a karan hanci, kuma sai ya kama fuska ba tare da kafa ba. Gemu yana hana shi kamawa. Ban ce kowa ya aske ba, na dai faɗa ne don mai gemu ya san takunkuminsa bai kai na ɗan'uwansa ba, ya ƙara dogara da abin da zan faɗa yanzu. Na kuma san zafin Mayu a garin nan, na san mai aiki a rana ba zai wuni da abu a fuska bai sauke ba. Shi ya sa takunkumi yake zuwa a ƙarshe.

Na farko ruwa ne. Ƙurar da ta jiƙe a inda aka haife ta ba ta tashi. Robar ruwa da aka huda murfinta, ɗan'uwanka yana ɗiga wa bakin injin kana yanka, ta fi takunkumi goma. Ku dai kula da wayar wuta, kada ta kwanta cikin ruwan. A yayyafa wa bango kafin a ture shi, a yayyafa wa tarin ɓaraguzai kafin a sa shebur, a jiƙa daɓe kafin a share. A kwashe taɓon tun yana ɗanye, don in ya bushe ya koma gidan jiya. Ba sai ruwan sha ba, wanda aka yi wanki da shi ma ya isa. An gwada wannan a ƙasarmu ta asali. A arewacin Najeriya, ƙungiyar likitoci ta MSF da abokan aikinta sun taimaka wa mahaƙa suka sa feshin ruwa a wurin fasa dutse da niƙa shi, aka auna iska kafin da bayan, sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna silikar da ake shaƙa ta ragu da wajen kashi 80 cikin 100. A wajen dahab, mai zaɓi ya kai dutsensa injin niƙa na ruwa. Bayan ruwa sai iska: ka yi yanka a waje in zai yiwu, ka tsaya ta inda iska ke fitowa don ta ɗauke ƙurar daga gare ka, in ka huda dutse a rami ka fito ka ba shi lokaci. Kada ka kakkaɓe jikinka da iskar kwamfuresa. Dokar Amurka ta 2016 ta ƙayyade maikirogiram 50 na silika a kowace mita kubik ta iska a aikin awa 8. In ka lissafa da iskar da lebura ke ja a wuni, wajen rabin miligiram ke nan. Yankan kankare a bushe yakan ninka wannan iyaka sau goma da fiye.

A cikin ɓaraguzai akwai wasu abubuwa biyu. Na ɗaya kun sani, harsasai da bama-baman da ba su fashe ba, abin da ba ku gane ba kada ku taɓa, ku kira masu aikin. Na biyu asbestos ne, a tsofaffin rufin siminti mai tudu da kwari da tsofaffin bututun ruwa. Shi zare-zare yake fita, dogo siriri, ya fi ƙarfin makrofaj ta lulluɓe shi, sai ta maƙale a jikinsa tana zubar da sinadaranta waje. Tabo yake bari, da wani dajin fatar huhu da kan bayyana bayan shekara 20 zuwa 40. A jiƙa shi sharkaf, a ɗauke shi ɗungurungum, kada a yanka, kada a farfasa, kada a bar yara su yi wasa da gutsattsarinsa.

Ƙura tana bin mutum gida. Rigar aiki ta zauna a wurin aiki, ko a sa ta a leda a jiƙa ta kafin a wanke. Kada ƙanwarka ko matarka ta kakkaɓe ta a tsakar gida, kada ka ɗauki jariri kafin ka yi wanka. Dutsen dahab kuwa kada ya shigo gida ko kaɗan. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, don ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, dutsen kuma yana ɗauke da dalma. Ƙananan yaran da nake gani ana ba su tsintsiya su share wurin yanka, don Allah ku mayar da su gida. Huhunsu bai gama girma ba, kuma shekarun da tabo ke buƙata duk suna gabansu.

Wasu cikinku nan da 'yan shekaru za su zama masu gida, su karɓi kwangila su ɗauki yara. Ladan yini da ka biya yaro na guminsa ne, bai haɗa da huhunsa ba. Jarkar ruwa da kwalin takunkumi ba su kai kuɗin buhun siminti kaɗan ba, ka sa su cikin lissafin kwangila tun farko. Ku kuma da ake ɗauka, mutum ɗaya in ya ce a kawo ruwa ana iya sallamarsa a ɗauki wani. Ku biyar in kuka faɗa tare, cikin ladabi, da wuya a ƙi.

Saura waɗanda suka riga suka shekara cikin ƙura, ku ko yayyenku ko iyayenku. Kada abin da na faɗa ya karya muku zuciya. Tabon da ya samu ya samu, amma kowace rana da aka rage shaƙa tana rage abin da zai ƙaru, kuma tarin fuka yana warkewa sarai in an kama shi da wuri aka sha magani har ƙarshe. Tarin da ya wuce mako biyu, zazzaɓin dare, gumi, rama, jini a kaki, ko hakin da ba ka saba da shi ba, kowanne ya isa ya kai ka asibiti. Kafin yaƙi asibitin Sha'ab a Kartum da na Abu Anja a Umdurman aka sani da ciwon ƙirji. Ku tambayi inda ake duba ƙirji yanzu kusa da ku. In ka zauna gaban likita, kada ka jira ya tambaye ka sana'arka, layi yana da tsawo, mai yiwuwa ba zai tambaya ba. Kada kuma ka ce kai ɗan kasuwa ne don yau kasuwa kake. Ka ce masa: na yi shekara kaza ina huda dutse a rami, na yi shekara kaza a injin niƙa na bushe, na bari a shekara kaza. Ka nemi a yi maka gwajin kaki tare da hoton ƙirji. In an ba ka hoton, ka tabbata akwai kwanan wata a jikinsa, ka ɗauke shi a wayarka, ka adana na asalin inda ruwa da zafi ba za su taɓa shi ba, don likitan da zai duba ka bayan shekara biyu ko uku zai buƙaci ya ɗora sabon kusa da tsohon kafin ya san ko tabon yana tsaye ko yana tafiya.